Wasiƙa zuwa ga ɗana, sabon manaja

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Tun daren da ka kira ka shaida mana an yi maka ƙarin girma, mahaifiyarka ba ta bar kunnen kowa ya huta ba. Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka yi a ƙarshen wayar, ka sassauta murya kamar kana gudun kar wani ya ji: wai kujerar kamar ta fi ƙarfinka, kuma cikin mutum 11 da aka ba ka akwai waɗanda suka girme ka, akwai waɗanda jiya-jiya tare kuke zama kuna tsegumin oga. Ban ce maka komai ba a lokacin, ka san ni da waya ba ma daɗewa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Wannan fargabar ba a kanka aka fara ta ba. Tun a 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu kan matan da suka yi fice a karatu da aiki, amma a ransu suna jin sa'a ce kawai ta kai su inda suke, kuma wata rana asirinsu zai tonu. Daga baya aka ga maza ma suna fama da ita. A ganina mu ɓoyewa kawai muka fi iyawa.

Ni ma na ɗanɗana. Ranar da zan fara jagorantar taro a matsayin shugaban sashe, kwana na yi ina tsara yadda zan burge. Na shiga da takun ƙasaita, na ɗaga murya, na yi ta zuba kusan minti 40 ba wanda ya tofa. Na fito ina ganin na gama da su. Da yamma wani dattijon akawu, wanda ya kama aiki tun ina firamare, ya same ni ni kaɗai a ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, jawabi ya yi kyau. To gobe da safe wanne za mu fara?" Wallahi ba ni da amsa. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. A wannan yammacin na fara gane cewa ma'aikaci yana auna ƙarfin shugabansa ne da abu ɗaya: in ya tashi daga gabanka, ya san abin da zai yi, ya san ranar da ake so, ya kuma san maganar ba za ta juye da dare ba.

Ka ce a horon da aka tura ku an koya muku tsayuwar jarumai, a buɗe ƙirji a riƙe ƙugu na minti 2 kafin shiga taro. Na san asalin zancen. Wani bincike ne na 2010 da aka yi da mutum 42, wanda ya ce irin wannan tsayuwa tana canza sinadaran jiki masu alaƙa da ƙarfin zuciya da damuwa. A 2015 wasu masana suka sake gwajin da mutum 200, ba su ga canjin sinadaran ba, illa dai mutane sun ce sun ɗan ji ƙarfi a ransu. A 2016 Dana Carney, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi binciken farko, ta fito fili ta ce ita kam ta daina yarda da shi. In tsayuwar tana kwantar maka da hankali, yi abarka a bayan ƙofa, ba ta cutar da kowa. Sai dai kar ka jingina da ita.

Ban ce jiki ba ya magana ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma daga yanzu fuskarka ta zama abin karatu. Kafin ka ajiye jaka, mutum 11 sun riga sun duba ta sun yanke hukuncin yadda ranar za ta kasance. Ka miƙe, ka dubi wanda kake magana da shi, ka rage gudun harshe. In ka gama magana ka yi shiru, kar ka bi ta da "ko ya kuka gani, ko na yi kuskure?" sau uku. Shirun daƙiƙa biyar a taro ba ya kashe kowa, tsoronsa ne ke sa sabon shugaba ya yi ta surutu har ya faɗi abin da bai shirya ba, alhali magana zarar bunu ce.

Inda fuskar take da tsada shi ne ranar da abu ya lalace. Na sha ba ku labarin Ernest Shackleton kuna yara, jagoran wata tawagar masu binciken ƙasa, wanda ƙanƙara ta riƙe jirgin ruwansa a tekun Antatika a farkon 1915, ta matse shi har ya nutse a watan Nuwamba. Mutum 28 a kan ƙanƙara, ba wanda ya san inda suke. Bai yi musu ƙaryar cewa komai lafiya ba, ai da idonsu suka ga jirgin ya tafi. Abin da ya yi shi ne ya riƙe tsarin yini, kowa da aikinsa da lokacinsa, ya kuma jawo masu ƙorafi kusa da shi don kar su sanyaya gwiwar sauran. Daga baya ya ɗauki mutum biyar a ƙaramin kwale-kwale suka keta fiye da kilomita 1,000 neman agaji, kuma a 1916 aka kwaso sauran ba a rasa ko ɗaya ba. Kai ba ƙanƙara za ta same ka ba. Kwangila ce za ta suɓuce, ko na sama ya kira ka ya wanke ka tas. In ka fito daga ofishinsa, kar ka juye wa na ƙasa da kai abin da aka juye maka. Ka shiga wani wuri ka huce, sannan ka tara su ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, da abin da za a yi kafin a tashi aiki.

Mafi yawan abin da mutane ke gani su kira kwarjini, a daren jiya aka haɗa shi. Wanda ya karanta takardun, ya san alƙaluman sashensa ba sai ya leƙa waya ba, ya kuma yi tunanin tambayoyi uku mafiya zafi da za a iya jefo masa, muryarsa ba ta rawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kuwa aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce, "Ban sani ba, zan ba ka amsa ranar Laraba." Ranar Laraba kuma ka kawo ta ko shi ya manta. Sau uku za ka yi haka, za ka ga yadda maganarka ta ƙara nauyi. Wanda ke ƙirƙiro amsa nan take don kar a ga gazawarsa, na ƙasa da shi ne ke fara gano shi, domin su ke riƙe da fayil ɗin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da kai, don na san halinka: in ka ji tsoro sai ka taurare. Akwai irin ƙarfin halin da ke rufe bakin mutane, kuma ya fi rauni haɗari. A watan Maris na 1977 jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin jirgin da ya taso babba ne ƙwarai, shi ke horar da wasu matuƙan. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, ya amsa masa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Wannan hatsari yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin jiragen sama suka fara horar da ma'aikata yadda ƙarami zai ja hankalin babba, babba kuma ya saurara.

Kwatanta shi da Alan Mulally, wanda ya bar Boeing ya karɓi shugabancin kamfanin motoci na Ford a 2006, shekarar da kamfanin ya yi asarar fiye da dala biliyan 12. Ya kafa taron kowace Alhamis inda kowane shugaban sashe zai nuna ayyukansa da launi: kore lafiya, rawaya da 'yar matsala, ja an shiga uku. Mako bayan mako kowa kore yake kawowa, kamfani kuwa na zubar da kuɗi. Ranar da Mark Fields, ɗaya daga cikin shugabannin sassan, ya yi ƙarfin hali ya nuna ja kan wata sabuwar mota da ta samu tangarɗa, ɗakin ya yi tsit ana jiran a ga kora. Mulally ya tafa masa, ya tambayi sauran wa zai iya taimakawa. Ba a daɗe ba launuka suka fara fitowa da gaskiyarsu, kuma Fields ɗin ne ya gaje shi a 2014. Mutum na farko da zai kawo maka mummunan labari, sauran goma suna kallon abin da za ka yi masa. Ka gode masa a gabansu, ko da cikinka na tafasa.

Batun kuzari kuwa, kar ka ɗauka shi ne safa da marwa a baranda da waya a kunne, ko tura saƙon imel ƙarfe ɗayan dare don a san ba ka barci. Wannan gajiyar da mutane kawai yake yi. Na yi aiki da wani shugaba mai irin wannan zafin, kullum da sabon shiri, ba ɗaya da ya ga ƙarshensa, har muka koyi jira kwana uku kafin mu taɓa duk abin da ya ce. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Zafin naman da ake so a wurinka shi ne takarda ba ta kwana uku a teburinka, wanda ke jiran sa hannunka ba ya zaman jiran gawon shanu, kuma abin da za a iya yankewa yau an yanke shi yau. In ka yi kuskure ka ce ka yi, ka gyara, a wuce. Ka kuma riƙa tashi daga kujerar nan. A kamfanin Hewlett-Packard tun shekarun 1970 aka san manajojinsu da zagayawa wurin ma'aikata ba tare da sanarwa ba, su tsaya su tambaya su saurara. Gani ya kori ji, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Waɗanda suka girme ka, ka same su ɗaya bayan ɗaya a makon farko, ka tambayi kowanne me zai gyara da shi aka ba kujerar. Ka girmama su a gaisuwa da lafazi, amma wa'adin aiki ɗaya ne ga kowa. Abokan tsegumi kuma za su gwada ka, wani zai makara don ya ga ko za ka kau da kai. Ka kira shi gefe tun a karon farko, ba a gaban mutane ba. Zai yi fushi na kwana biyu. Wataƙila ma zumuncin ba zai koma yadda yake ba, wannan kam ba ni da maganinsa, ni ma na rasa aboki ɗaya ta haka.

Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ka riƙa barci da wuri, wai muryarka ta nuna gajiya. Tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. In kun yi taronku na farko ka kira ni da daddare, ina so in ji wa ya fara yi maka tambaya da abin da ka ce masa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.