Kuɗin gyaran makarantu na kwance a Abuja

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in koka kan makarantun firamaren gwamnati a jiharmu.

Makon jiya na raka autana makarantar unguwarmu. Iska ta yaye rabin kwanon ajinsu tun damunar bara, yara na zaune kan buhunan siminti, malamar kuma da kuɗin aljihunta take sayen alli. Da hadari ya haɗo sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama hanyar gida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kuɗin akwai su. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ke rabawa jihohi. Sharaɗin shi ne jiha ta zuba daidai abin da za a ba ta. Jihohi da dama sun bar kasonsu a can, wai babu kuɗi. Amma gadar sama da sababbin motocin 'yan majalisa ba sa rasa kuɗi, don su ake gani a talabijin.

Don Allah wakilanku su tambayi hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, jiha-jiha: nawa aka karɓo, nawa aka bari?

Naka,
Wani uba mai 'ya'ya uku a firamare