Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu Ta Masu Kallon Sinima Na Wannan Shekara

Assalamu alaikum ƴan uwa mambobi, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu. Ga rahoton shekara, ya yi latti na sani, amma sai da na jira ma'aji ya gama lissahin kes tukuna.

Zaman wata-wata an yi shi, ban da watan azumi.

Abin da ya fi faranta mini rai bana shi ne daren da muka haska fim ɗin L'Homme à la caméra a filin unguwar Zariya. Kun tuna gardamar da aka yi a biro, wasu suka ce mutanen Maradi sun saba da fim na waƙa da hira, wa zai zauna sama da awa guda yana kallon fim na 1929, baƙi da fari, ba magana, ba ƴan wasa, ko rubutun bayani babu tsakanin hotuna? To wallahi tabarmi sai da suka ƙare, ƴan kabu-kabu suka jingine babura suna kallo daga tsaye, ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sun zo da yawa, har da dattawa bayan isha'i. Dziga Vertov, wanda ya shirya fim ɗin, gari kawai ya nuna yana tashi daga barci, jiragen cikin gari, masana'antu, aure da saki, haihuwa da jana'iza a jere, kuma ba wanda ya tambaye ni fassara. Wajen da dokin nan ke gudu hoto ya tsaya cak, yara suka yi ihu wai na'ura ta lalace, sai ga matar Vertov, Elizaveta Svilova, zaune da almakashi tana yanka fim ɗin tana haɗawa, fili ya yi tsit. Da aka kunna fitila wani baba tela ya ce shi ya gane, matar nan ɗinki take, gari ne yadinta. Mun yi shekara muna neman yadda za mu bayyana ma sababbin mambobi mene ne montaj, wato yanka hotunan fim da haɗa su, ga shi baba ya faɗa da ƴan kalmomi. Har kuran ya ɗauke ana cikin kallo, ba wanda ya tashi sai da aka tada gurup.

Yanzu maganar fim ɗinmu na babbar kasuwa da ake ta tambayata a WhatsApp ina ya kwana. Ba sakaci ba ne. Mun ɗauki asuba da buɗe shaguna, masu amalanke, hannun mai ƙuli-ƙuli, saura la'asar da dare, sai ma'ajiyar ordinatar ta lalace, kuɗin da za a sayi wata kuma su ne muka zuba ma esansi da hayar furojektar a daren can. Da kowa na biyan kotizasiyon ɗinsa da duka biyun an yi. Jika guda ce a wata jama'a, kuma waɗanda suka cika tasu ba su kai rabi ba. Ni na gaji da bin mutane fada-fada kamar mai bin bashi, ka kira a ce gobe, gobe a kashe waya.

Zuwa Tibiri da muka shirya don haska finafinan zane na marigayi Moustapha Alassane shi ma bai yiwu ba, mota da gurup kuɗi ne, kuma ranar shiri mutum huɗu muka zo. Abin ya yi mini ciwo, mutumin nan ɗan ƙasarmu ne, tun 1966 ya yi Bon Voyage Sim ya nuna halin masu mulki ta hanyar zanen kwaɗi, ya rasu 2015, ga yaranmu ko sunansa ba su sani ba.

Masu suna a rajista da ba mu ga fuskarsu ba tun bara, don Allah ku faɗa mana in kuna ciki ko kun fita. Wanda ake bin bashin kotizasiyon ya samu ma'aji kafin zama mai zuwa, ranar za mu yanke ko a ƙarasa ɗaukar kasuwa kafin damina ko a jira kaka.

Sakatare