Wasiƙa Kan Ɗan Marfin Nan na Gefen Bindiga

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Shirun nan ya isa haka, tunda kai alƙalami ya fi ƙarfinka, bari ni na ɗauka.

Musun da ka tafi ka bar mana ne ya hana ni sakat. Ka dage wai ɗan marfin da ke gefen dama na AR-15 ado ne kawai. Ado a bindigar da Eugene Stoner ya ƙera? Haba dai!

Kafar da marfin ke rufewa, wadda kwanson harsashi ke fita ta cikinta, ƙofa ce mai faɗi zuwa cikin bindigar. Ƙarfen da ke kai-komo a ciki kullum cikin mai yake, kuma a irin wannan ƙira hayaƙin harbi cikinta yake komawa ya bar baƙin dauɗa. To ƙara yashi a kan wannan. Sai ya kwaɓe ya zama taɓo mai cin ƙarfe, ka ja kunama ta cije. Marfin ba don lokacin harbi aka yi shi ba, don lokacin da mutum ke rataye da ita ne, ko yana jan ciki a ƙasa, ko iska na kwaso ƙura.

Abin da ya fi burge ni sifirin ɗinsa. Da an ɗana bindigar ko an harba, ƙarfen na ja da baya sai marfin ya bankaɗe da kansa, fat! Amma rufewa sai ka sa yatsa ka danna har ya ce ƙyas. Nan ne masu mantuwa irinka suke faɗuwa, su yini da ita baki buɗe. Ai mun san tarihinka da makullai.

Af, ƙanenka ya zo mana da labarin wai ka yi teɓa har rigunanka sun daina shiga. Na ce sai na gani da idona. Shi kuma maganar aurensa an sake ɗagawa, kada ka ce ni na faɗa maka.

Dabarar marfin ma ba a Amurka ta fara ba, bindigar StG 44 ta Jamus a yaƙin duniya na biyu tana da irinsa. Kalashnikov shi ya bi wata hanya: a AK-47 maɓallin kulle bindigar ne da kansa yake toshe tsagar da ke gefenta idan an tura shi sama, ga kuma sarari a cikinta da datti ke samun wurin zama.

Inda zan ba ka gaskiya ɗaya ne: mai harbin wasa a tsabtataccen fili zai iya rayuwa babu shi, shi ya sa wasu kamfanoni ke fitar da nasu ba marfin. Kada ka kawo min yaƙin Biyetnam, cijewar M16, wato AR-15 ta sojoji, a can sauyin albarushi ne da rashin kayan gogewa.

Yaushe za ka leƙo? Kuma littafina da ka ara yana nan da rai kuwa? Ka gaida uwargida, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum.