Sanarwa Kan Fita Shan Iska a Lokacin Dokar Kullen Korona ta 2020

Assalamu alaikum, ƴan uwa.

Muna sanar da ku cewa an ɗage fitar shan iska da muka saba yi tare a ƙarshen mako, har sai hukumomi sun sassauta dokar hana taruwa. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020, duk wani taro ya zama abin taka-tsantsan, namu ma bai fita daban ba.

Wanda zaman gida ya ishe shi, babu laifi ya ɗan taka ƙafa da iyalinsa a fili inda doka ta yarda, domin ƙwayar cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso fiye da sarari. Sai dai a sanya takunkumi, a bar tazarar aƙalla mita 1, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an dawo. Bisa ƙa'idar shekarar 2020, wanda ya cuɗanya da mai cutar ya killace kansa kwana 14 ko da yana jin garau, tunda alamun kan ɗauki kwanaki kafin su bayyana.

Dattawa da masu ciwon suga kuwa, a rage kai musu ziyara, a riƙa gaishe su ta waya. Za mu sanar da sabuwar ranar fita a nan.