A daina haɗa lita da mita kiyubik a labaran ruwa

Edita, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu rubuta mana labaran madatsun ruwa da gidajen ruwa. Sau da yawa sai ka ga an ce dam kaza yana ɗauke da "lita miliyan ɗari", alhali takardar da aka fassara mita kiyubik ta ce. Bambancin da ke tsakaninsu ninki dubu ne.

Mita kiyubik ɗaya shi ne ruwan da zai cika tanki mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Lita 1,000 ke nan, wato jarka 40 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25, ko duro biyar masu lita 200. Saboda haka daga mita kiyubik zuwa lita sifili uku ake ƙarawa, in za a koma baya a cire su. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana cin kusan mita kiyubik biliyan biyu. Wanda ya rubuta lita biliyan biyu ya mai da shi kududdufi.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne galan, domin iri biyu ne. Na Ingila, wanda ke cikin tsofaffin takardun hukumomin ruwanmu, lita 4.546 ne. Na Amurka lita 3.785. A ɗauki matatar da ke tace lita miliyan 150 a rana: mita kiyubik 150,000 ke nan, galan miliyan 33 na Ingila, amma kusan miliyan 39.6 na Amurka. Ruwa ɗaya, adadi biyu. Mai sayen famfo ko tanki da bai tambayi wane galan aka rubuta a jikinsa ba, yana iya biyan kuɗin na Ingila a ba shi na Amurka, ya tashi da giɓin kusan kashi ɗaya cikin shida.

Amurkawa kuma suna auna ruwan dam da ruwan da zai rufe eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya, kimanin mita kiyubik 1,233.

Gudun kogi da sakan ake faɗarsa. Yini da dare sakan 86,400 ne, don haka mita kiyubik ɗaya a sakan ya zama lita miliyan 86.4 a rana.

Manomin rani ma wannan lissafi nasa ne. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a hekta ɗaya mita kiyubik 10 ne. In yana son ruwa ya kwanta santimita biyar a hektar shinkafa, sai ya zuba mita kiyubik 500. Injin da ke fitar da lita 1,000 a minti yana ba da mita kiyubik 60 a awa, ke nan awa takwas da minti 20, ban da abin da ƙasa ta shanye a kwata kafin ya kai fangali. Da wannan zai san man da zai saya.

Masu fassara rahotannin Nijar su lura: a Faransanci waƙafi ake sawa a madadin ɗigo a cikin adadi, 1,5 na nufin ɗaya da rabi, ba 15 ba.

Roƙona shi ne a riƙa rubuta ma'aunin kusa da kowane adadi, in galan ne a faɗi na wace ƙasa.

Naka mai karatu,
daga Kano