Kun nuna mana buhu, kun ɓoye mana ginin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da shirinku na al'adu na ranar Asabar da ta wuce, wanda kuka yi a kan Ibrahim Mahama, mai fasahar nan na Tamale a Ghana da yake ɗinke tsofaffin buhuna yana lulluɓe gine-gine da su, domin abin da na gani ya ɓata mini rai. Tun daga farkon shirin har ƙarshensa mai ɗaukar hotonku bai ja da baya ko sau ɗaya ba. Ya manna na'urarsa a jikin tsohon buhun koko, yana nuna mana ɗinki da baƙin gawayi, shi kuma mai gabatarwa yana ta dariya yana tambayar nawa Turawa suke biya su sayi tsumma. Duk wanda bai taɓa zuwa wurin ba zai tashi daga gaban talabijin da tunanin cewa wani mai wayo ne ya sami hanyar sayar da shara.

Ni magini ne, na yi fiye da shekara talatin ina riƙe da cokalin gini kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma bara da muka kai amarya Tamale jikana ya matsa mini sai na je Red Clay, wurin da Mahama ya gina a bayan gari. Na tafi ne don kada in ɓata wa yaro rai. Tun daga nesa jan tubalin ya fara kama mini ido, da na shiga ciki kuwa sai na tsaya cak, saboda tsayin bangon da faɗin ɗakin sun sa na ji kaina ƙarami, har muryata ta ragu ba tare da kowa ya ce in yi shiru ba. Akwai wani wuri da aka yi shi hawa-hawa kamar zauren majalisa, aka jera tsofaffin kujerun jirgin ƙasa. Kujerun nan da a kasuwar 'yan gwangwan na gan su ko kallo ba za su ishe ni ba, amma da na sauka na zauna a kan ɗaya, na ɗaga kai na ga sauran sun kewaye ni babu kowa a kansu, sai na tuna mahaifina da ya yi ta hawan jirgin Kumasi zuwa Takoradi, na kuma tuna yadda aka bari layin ya mutu. Wanda ya tsara wurin ya san inda yake so ƙafata ta bi, da inda yake so in ɗaga kai, kuma da bango da matakala ya yi mini wannan jagorar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kun ambaci baje kolin fasaha na birnin Venice ta Italiya na shekarar 2015, wanda marigayi Okwui Enwezor ɗan Najeriya ya tsara, amma kuka nuna ƙyalle guda a kan tebur. A can Mahama ya lulluɓe dogayen bangaye biyu ne na wani lungu a tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa, ta yadda mai kallo zai yi ta tafiya buhuna na hagunsa da damansa har sama da kansa. Aikin yana cikin tafiyar da tsawon lungun. Haka ya sake yi a Kassel ta Jamus a 2017, ya kuma rufe gefen ginin Barbican, cibiyar fasaha ta Landan, a 2024 da saƙar da aka ɗinke a filin wasa na Tamale, domin babu ɗakin da zai iya ɗaukar girmanta. Ko rumbun da aka gina da siminti a Tamale a zamanin Nkrumah, aka kuma yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966, wanda Mahama ya saya ya mayar da shi wurin baje koli ya kuma bar jemagun da suka riga shi zama a ciki, ba ku ga ya cancanci minti ɗaya ba.

Mu Hausawa bai kamata a koya mana wannan ba. Maginan da suka yi soraye masu daurin guga sun san cewa baƙo yana fara fahimtar darajar mai gida tun daga yadda zaure na farko ya kai shi na biyu, da yadda ƙaramar ƙofa take sa shi sunkuyawa kafin ya buɗe ido a ƙarƙashin babban rufi. Da mai gabatarwarku ya tuna zauren kakansa, da ya yi wa mutumin tambayar da ta fi ta kuɗi amfani.



Ina neman ku sake tura ma'aikatanku Tamale. Ku ce wa mai ɗaukar hoton ya fara daga bakin ƙofa, ya yi tafiya a hankali kamar yadda baƙo yake yi, ya nuna rufi da ƙasa da inda haske yake shigowa, ya kuma leƙa cikin tsofaffin jiragen saman da aka ajiye a fili inda yaran makaranta suke zama ɗaukar darasi. In kuna bukatar ɗan rakiya wanda ya san tubali, gwiwata za ta iya jure tafiyar mota ta kwana ɗaya.

Wassalam,
Wani tsohon magini, daga Zangon Kumasi