Amsa ga Malamin da ya yi tambaya kan ƙungiyoyin Yahudawa na Landan

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaya a bainar jama'a: waɗannan ƙungiyoyin Yahudawa da ake gani a unguwar Stamford Hill, a arewacin Landan, me suke yi takamaimai, kuma Musulmi maƙwabci yana da abin da zai samu a wurinsu? Yana da shi. Amma sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin kowace da aikinta guda, ba ta shiga hurumin 'yar'uwarta.

Shomrim 'yan sintirin sa-kai ne, sun fara a unguwar a 2008. Ba sa ɗaukar makami, ba su da ikon ɗan sanda. Iyakarsu su bi sawun ɓarawo, su riƙe shi kamar yadda doka ta yarje wa kowa, har 'yan sanda su iso. A 2013, bayan kisan soja Lee Rigby, da aka riƙa kai wa masallatai hari, sun sa masallatan unguwar cikin sintirinsu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kira su a manta da 999, lambar kiran gaggawa ta 'yan sanda. Fara da 999, ka karɓi lambar ƙara, sannan ka kira su. In babu lambar ƙarar, galibi kamfanin inshora ba zai saurare ka ba. Hoton kyamarar shago kuma ka nema da wuri, galibi cikin wata guda ake goge shi.

Hatzola na agajin gaggawa ne ga marasa lafiya, kyauta, kuma ba sa tambayar addinin wanda ya faɗi.

Ita kuwa CST (Community Security Trust), wadda aka yi wa rajista a 1994, gadin majami'u da makarantun Yahudawa take yi, tana kuma rubuta kowane cin zarafi da aka yi wa Bayahude: rana, wuri, kalmar da aka faɗa, shaidu. A 2023 ta lissafa sama da 4,000. Da irin wannan lissafi ake zama gaban minista a nemi kuɗin tsaro, ba da ƙorafin baki ba. Da aka kafa Tell MAMA a 2012 don rubuta hare-haren da ake kai wa Musulmi, CST ta taimaka da tsarin.

Inda na fi so ka tsaya, Malam, shi ne batun gawa. Su ma kamar mu ne, ba sa son mamaci ya kwana. A Ingila, in mutuwa ta zo ba zato, sai jami'in binciken musabbabin mutuwa ya sallami gawa kafin a yi jana'iza. Wata jami'a a arewacin Landan ta kafa ƙa'idar cewa kowa ya bi layi, addini ba ya sa a gabatar da kowa. Ƙungiyar jana'iza ta Adath Yisroel ta kai ƙara, kuma a watan Afrilun 2018 Babbar Kotu ta ce ƙa'idar ta saɓa doka. Musulmi ma sun ci moriyar hukuncin. Sai dai kada a fahimce shi a baibai: bai ce dole a fara da namu ba, cewa ya yi wajibi ne a duba dalilin addini.

Don haka in rasuwa ta same ku, Allah Ya kiyaye, ku rubuta wa ofishin jami'in binciken a ranar, ku ce kuna neman gaggawa saboda addini. In za a yi bincike, ku roƙi a ɗauki hoton gawar da na'ura maimakon a tsaga ta. A wurare da dama iyali ne ke biyan kuɗin hoton, kuma in bai nuna musabbabi ba, za a tsaga ɗin. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne dangi biyar su riƙa buga waya, kowa da maganarsa. Ku wakilta mutum ɗaya, ya riƙe cikakken sunan mamaci, ranar haihuwarsa, sunan likitansa da jerin magungunan da yake sha.

Wassalam.